“Ban da albasa, don Allah”: Tambayoyi da amsoshi kan fita cin abinci da mai zaɓe

Kusan kowane gida da nasa. Akwai wanda ba ya cin kuɓewa saboda yauƙi, akwai wadda ko ƙamshin man shanu ta ji sai zuciyarta ta tashi, ga yaron da in ba indomi ba gara ya kwana da yunwa. A gida abin da sauƙi, tunda mai girki ta san halin kowa. Ranar da aka fita ake jin jiki: ma'aikaci na tsaye yana jira, layi ya taru a baya, mutum ɗaya ya hana a gama oda. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan, tun daga teburin mai shayi har gidajen abincin da ake miƙo wa mutum menu.

Ba rashin ta-ido ba ne in ce a canza mini wani abu a abincin?

A'a. Ciniki ne, kuɗinka za ka bayar, kuma mai abinci ya fi son ka faɗa tun farko da ka bar masa rabin faranti ka tafi ba ka ƙara dawowa. Kunyar da muke ji daga gida muka taso da ita, inda aka hore mu da cin abin da aka ajiye mana. Wannan tarbiyya tana da kyanta a gidan mutane. A wurin da ake sayarwa kuwa, wanda ya ce wa mai shayi “kauri, kada suga ya yi yawa” bai saɓa wa kowa ba.

Abin da ba shi da kyau shi ne kushe. Abu Huraira ya ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba: in yana sha'awa ya ci, in ba ya so ya bari. Da aka kawo gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna ya janye hannunsa, Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Ke nan a ce “ba na ci” ba aibu ba ne. Yamutsa fuska a ce “wannan ƙazantar kuke ci?” alhali na kusa da kai shi yake ci, nan ne aka ɓata.

Me ake iya canzawa, me kuma ba a iyawa?

Tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: abincin nan tun safe yake cikin tukunya, ko yanzu za a haɗa shi?

Mai tuwo ta kaɗa miyar kukarta tun hantsi. Daddawa da barkono da magi duk sun narke a ciki. In ka ce a zuba maka marar daddawa ta ce babu, ba rowa take maka ba, babu ɗin ne. Haka dafa-duka, fate, farfesu, alale da miyar taushe. Abin da ke hannunta shi ne haɗin faranti: tuwon shinkafa ko na masara, malmala ɗaya ko biyu, wace miya, a sa man shanu ko kada a sa, tsoka ko ƙashi, ganda ko kayan ciki. A nan kana da faɗi sosai, kuma ba za ta ji komai ba don ka zaɓa.

Abincin da ake haɗawa a gabanka shi ne aljannar mai zaɓe. Indomi da ƙwai a wurin mai shayi, shawarma, gurasa, garau-garau, ɗanwake, masa: duk ana iya cewa ban da albasa, ban da kabeji, a rage mai, a sa yaji a gefe. Garau-garau ma kamar don masu tsirfa aka ƙirƙire shi, tunda wake da shinkafa ne fari fat, kowa ya zuba mai da yaji daidai bakinsa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne manyan gidajen abinci. Ganin akwai kuku da farar hula sai a ɗauka komai sabo ake dafawa. Galibi ba haka ba ne. Soyayyiyar shinkafa an yi ta da yawa an juye a mazubi, da hantarta da koren wakenta. Kazar da za a gasa maka ta kwana cikin kayan ƙamshi. Naman boga an riga an cuɗa shi da albasa. Don haka kafin ka fara lissafo abin da za a cire, tambayi ma'aikacin: “Wannan an riga an haɗa ne, ko yanzu za a yi?” Amsarsa za ta rage maka rabin gardama.

A kuma duba lokaci. Roƙon da za a yi maka da fara'a da ƙarfe huɗu na yamma, ba lallai a saurare shi ba bayan saukowa daga Juma'a ko dab da shan ruwa a watan azumi.

Na ce a cire nama amma ba a rage mini kuɗi ba. Da na ce a musanya shinkafa da dankali kuma sai aka ce in yi ciko. Wannan adalci ne?

Rabi da rabi. A wurin mai tuwo, nama da kuɗinsa daban, in ba ka ci ba ba ka biya ba. A gidan da farashi ke rubuce kuma yana cikin kwamfuta, yarinyar da ke kan kanta ba ta da ikon rage ko sisi, in ta rage daga albashinta za a cire. Sai dai ka tambaya ko ana sayar da shinkafar ita kaɗai, domin sau da yawa tana nan a wani gefen menu da nata farashin.

Ciko kuwa yana da hujja idan abin da ka nema ya fi tsada ko ya fi aiki. Soyayyen dankalin Turawa ko ayaba ba daidai suke da cokalin shinkafa ba, kifi ba daidai yake da yankan nama ba. Abin da bai dace ba shi ne a yi shiru sai an kawo takardar kuɗi. Ka tambaya tun kafin a ɗora: “Da ƙari?”

Mene ne bambancin “ba na so” da “jikina ba ya karɓa”? Ba duk ɗaya ba ne a wurin mai abinci?

Ko kusa. Wanda ba ya son albasa, in an manta an sa, sai ya tsince ya ture gefe. Wanda madara ke kumbura wa ciki zai sha wahala na wasu sa'o'i ya warware. Amma mai alaji na gaske, garkuwar jikinsa ce take ɗaukar abincin a matsayin abokin gaba. Ɗan abin da ya maƙale a cokali ya isa ya tayar masa da borin jini, leɓe da harshe su kumbura, maƙogwaro ya toshe, jini ya faɗi, duk cikin 'yan mintoci. Dafawa ko soyawa ba sa kashe abin da ke tayar da alajin gyaɗa. Tsincewa ma ba ta da amfani, tunda ya riga ya taɓa sauran.

Wasu ƙasashe sun mai da abin doka. Tun Disambar 2014 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da suka fi jawo alaji, cikinsu har da gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi, waken suya da alkama. Birtaniya ta ƙara tsaurara tata dokar a Oktoban 2021, bayan rasuwar wata yarinya 'yar shekara 15 da ta ci burodi mai riɗi a 2016 ba tare da an rubuta a jikin ledar ba. Amurka ta sa riɗi a jerin nata a farkon 2023, ya zama na tara.

A gidajen abincinmu da wuya ka ga an rubuta irin wannan, saboda haka nauyin yana kan bakinka. Kada ka ce “ba na so”. Ka ce: “Gyaɗa tana kwantar da ni a asibiti. Ko man gyaɗa ne, ko ƙuli, ko cokalin da ya taɓa ta.” In ma'aikacin ya amsa da “ina jin dai babu”, wannan ba amsa ba ce, a roƙe shi ya shiga ya tambayi wanda ya dafa. Wanda likita ya rubuta wa allurar adrenalin kada ya fita cin abinci ba tare da ita ba. Kuma in numfashi ya fara sarƙewa, asibiti za a nufa nan take. Manja da madarar da ake ɗura wa mutum a irin wannan hali ɓata lokaci ne, suna ma iya shaƙe shi.

Ɗana yana da alajin gyaɗa. A ina take ɓuya a abincinmu?

Kusan ko'ina, kuma wannan ne ya sa alajin gyaɗa ya fi wuyar sha'ani a ƙasar Hausa. Yajin tsire da ƙuli ake daka shi, kuma tsire tun kafin ya hau wuta an riga an mulke shi da shi, don haka “kada a sa yaji” ba ta cece ka ba. Kilishi a cikin tunkuza ake tsoma shi. Miyar taushe da gyaɗa ake ɗaure ta, haka wasu miyar alayyafo da ta zogale. Kwaɗo, bandashe, dambu, yajin da ake barbaɗa wa masa da ɗanwake da awara, duk tana iya shiga. Man ƙuli da ake tatsa a gida ba a tace shi yadda kamfani ke yi ba, yana ɗauke da abin da ke tayar da cutar, kuma da shi ake suya a wurare da dama.

Balangu ba a cika mulke shi da ƙuli ba, amma wuƙa ɗaya ce, katako ɗaya, hannu ɗaya, kuma da mai ake shafa shi. Ga yaron da alajinsa ya yi tsanani, teburin mai nama ba wurin zuwa ba ne. A sayo ɗanye a gasa masa a gida.

To in kawai ba na son abu, ba sai in ce alaji gare ni ba don a ɗauke ni da muhimmanci?

Kada ka yi. Wurin da ya san aikinsa zai wanke kasko, ya canza wuƙa, ya tsayar da odar wasu saboda kai. In daga baya aka gan ka kana ɗanɗana na abokinka mai ɗauke da abin nan, gobe da mai lalurar gaske ya zo za a ce shi ma iyayi ne.

Yarinyata 'yar shekara huɗu ba ta cin komai in mun fita sai cincin da lemo. Ya zan yi da ita?

Da farko ki kwantar da hankalinki. Gudun baƙon abinci ya fi ƙarfi tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma yawancin yara suna wuce shi. Masana abincin yara suna cewa yaro kan buƙaci a gabatar masa da abu sau 10 zuwa 15 kafin ya karɓa. Wannan aikin gida ne. Gidan abinci, da hayaniyarsa da idon mutane, ba wurin koyar da cin ganye ba ne, kuma ɗure ko zare ido a bainar jama'a ƙara mata ƙiyayyar abincin zai yi.

Abin da ke aiki: kada a fito da ita da matsananciyar yunwa, kada kuma a cika mata ciki da lemo kafin abinci ya iso, domin nan ne yawanci ake yin asarar. Ki nemi ƙaramin faranti ki ɗibar mata daga naki maimakon sayen cikakken faranti da za a bari. Ki ce a kawo miya a kwano daban, yara da yawa ba shinkafar suke ƙi ba, cakuɗawar ce ba sa so. Farar shinkafa, dafaffen ƙwai, soyayyiyar ayaba, masa da suga, kusan ko'ina za a samu ɗaya daga ciki. Ki ba ta zaɓi tsakanin abu biyu kawai, “ƙwai ko ayaba?”, ba “me za ki ci?” ba.

A kula da ƙayar kifi, da gyaɗa guda-guda ga yaron da bai kai shekara 5 ba saboda shaƙewa, da zuma ga jaririn da bai cika shekara ba. In kuwa yaro yana ramewa, ko abincin da yake yarda da su ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, ko yana yunƙurin amai da ganin abinci kawai, a kai shi ga likitan yara. Tun 2013 likitoci suka ware irin wannan a matsayin lalura mai zaman kanta da suke kira ARFID, ba shagwaɓa ba ce.

Baba yana da hawan jini da ciwon suga, amma yana son mu riƙa fita da shi. Me za mu nema masa?

“A rage gishiri” ba ta aiki a miyar da ta riga ta nuna. Kuma gishirin ba wanda ake barbaɗawa kaɗai ba ne: dunƙulen magi kaso mai yawa na jikinsa gishiri ne, farin magi da kanwa su ma suna ɗauke da sinadarin sodiyam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kwanon farfesu ko indomi guda na iya cinye kaso babba na wannan.

Dabarar ita ce a zaɓi abin da za a gasa ko a dafa sabo, kamar kifi ko kaza, a ce kada a ƙara magi da yaji a kai, miya kuma a kawo ta a gefe ya ɗiba kaɗan. Ta ɓangaren suga, yawan tuwon ya fi sunansa muhimmanci. Mutane na komawa tuwon alkama suna cin malmala uku da sunan magani, alhali shi ma yana ɗaga suga. Malmala ɗaya, miyar ganye da yawa, wake ko alale a gefe, ya fi. Zoɓo da kunun aya na sayarwa an riga an zuba musu suga, fura kuwa a ce a dama ba suga. In yana shan magani ko yana allurar insulin, kada a bari abinci ya yi jinkiri sosai bayan ya sha, a gaya wa ma'aikaci a fara kawo nasa.

Likita ya hana ni alkama. Abincin gargajiya ai ba ruwansa da ita, ko?

Da yawa ba ruwansu: tuwon shinkafa, masara, dawa, gero da acca, sakwara, teba. Amma alkubus, funkaso, gurasa, taliya, kuskus ɗin leda da tuwon semo duk alkama ne. Sai kuma waɗanda ake sakawa a ɓoye. Ɗanwake asalinsa garin wake da rogo da kuka da kanwa ne, amma yanzu masu sayarwa da yawa da fulawa suke yi. Wasu masu masa ma suna ƙara ta a ƙullu. A tambaya.

Ba na cin nama. Me ya sa in na faɗa sai a kawo mini kaza, ko a tsame naman a miƙo mini miyar?

Domin a wurin mutane da yawa “nama” na shanu da na awaki ne, kuma miyar da aka tsame wa tsoka ta zama marar nama. Sai ka warware: ba kaza, ba kifi, ba romo. Romon shi ne mai wuyar, tunda da shi ake dafa dafa-duka da yawancin miya. Ƙosai, awara, ɗanwake, garau-garau, kwaɗon zogale da masa da ƙuli sun fi aminci. A gidajen abincin 'yan Kudu kuma, agushi da miyar ganye kusan ba sa rabuwa da dakakken jatan lande da busasshen kifi, wasu har da dodon koɗi. Mai alajin kayan ruwa ya riƙe wannan da kyau.

In na yi tafiya ƙasar waje, ya zan tabbatar abin da zan ci halal ne ba tare da na takura wa masu masaukina ba?

Cire naman alade daga saman faranti bai wadatar ba, a tambayi man da aka yi suya da shi da romon da aka yi miya. A menu ba za a rubuta “alade” ƙarara ba, sunaye irin su bacon, ham, lard da pepperoni za ka gani. Giya ma tana shiga girki: Italiyawa da Faransawa suna dafa nama da shinkafa da ita, girkin Caina da na Japan yana da giyar shinkafa, kuma ba gaskiya ba ne cewa wuta tana ƙone ta duka. Mafita mafi sauƙi ita ce kifi gasasshe ko abincin ganye, ko a nemi gidan abincin Turkawa, Labanawa ko 'yan Pakistan. Masu zuwa Indiya neman magani su lura da koren ɗigo a cikin koren murabba'i, alamar abincin da ba nama a cikinsa ce. Alhazai masu alajin riɗi kuma su yi hattara a Saudiyya, domin markaɗaɗɗen riɗi yana cikin miyar shawarma da abin dangwale da yawa.

Ka gaya wa mai gayyatarka tun ranar da ya gayyace ka, ba sai an zauna ba.

Ni ne mai gayya, mu goma sha, kowa da tsirfarsa. Ta ina zan fara?

Tun ran gini tun ran zane. Ka tambaya tun kafin ranar ko akwai wanda likita ya hana wani abu, ka zaɓi wuri gwargwadon amsar. Wurin da ake jera abinci kowa ya nuna abin da yake so ya fi dacewa da taro irin wannan. In babban tire za a haɗa, a ce yaji, miya da salak su zo daban. Mutum ɗaya ya tattara oda ya karanta wa ma'aikaci, ma'aikacin ya maimaita.

Sannan kada a mai da mai zaɓen abin hira. “Kai har yanzu ba ka cin kifi?” a gaban surukai ko abokan aiki ba wasa ba ne a wurin wanda ake yi wa. Dattijo kuma ba zai ce ba ya iya tauna nama ba, kai za ka lura ka ce a kawo masa kifi ko dambun nama.

A gidan biki ko gidan surukai fa, inda ba saye nake ba?

Nan dokar ta juya. Ba a ba da oda a gidan mutane. In rashin so ne kawai, ka taɓa abin da za ka iya, ka yaba, ka yi godiya. In lalura ce, ka faɗa a hankali ga wanda ya kawo: “Umma, a yi mini afuwa, likita ne ya hana ni.” Ba uwar da za ta ji haushin wannan. Cin abin da zai kai ka asibiti don kara ba ladabi ba ne, wahalar da masu gidan za ka yi.

Na faɗa sarai, amma aka kawo da abin da na ce a cire. In mayar?

Ka mayar, tun kafin ka ci rabi. Ka kira wanda ya karɓi odar ka ce, “Malam, na ce ban da bama, ga shi an sa.” Yawanci za a canza ba gardama. Ba sai an ɗaga murya ba, sau da yawa kuskuren daga kicin ne, shi ɗan aike ne kawai. In alaji ne, ka dage a yi sabo a wani faranti, kada a shiga ciki a kankare a dawo maka da shi. Alamar an yi haka ita ce abincin ya dawo cikin minti ɗaya.

In ta waya ko WhatsApp ka yi oda, ka rubuta buƙatar a saƙo daban, gajere, sannan ka kira ka tabbatar an gani. Da ɗan aike ya iso ka buɗe ledar kafin ya juya babur.